Maganin Rage Ƙiba: Wa Ya Kamata Ya Sha?

A hutun da ya wuce na raka Gwaggona daga Gwaram zuwa asibiti a nan Birnin Kudu. Gwaggo mace ce mai jiki ƙwarai, ga hawan jini, ga ciwon sukari, in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Muna tare da 'yarta, wadda nake kira Yaya, ana shirin bikinta. Ita lafiyarta lau, amma ta sayi wani shayin rage ƙiba wurin mai talla, wai don kayan biki su zauna mata. Abin da na koya ran nan shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Likita ya sa aka auna nauyinsu da tsawonsu. Lissafin kuwa ko ɗan aji ɗaya zai iya: a ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita, a sake rabawa. Gwaggo kilo 92 ce, tsawonta mita 1.6, aka sami kusan 36. Yaya tsawonsu ɗaya, amma kilo 60 ce, aka sami 23. To, ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya kai 30, ko kuwa ya kai 27 kuma yana da ciwo irin su sukari ko hawan jini, shi ake iya rubuta wa magani. Mai 23 ba shi da abin ragewa.

Magungunan iri-iri ne. Akwai orlistat, mai hana hanji tsotse wajen sulusin man da aka ci. Akwai kuma allurar semaglutide, wadda aka yarda da ita a Amurka a 2021 da sunan Wegovy. Sau ɗaya ake yin ta a mako, tana sa mutum ya ƙoshi da wuri. A gwajin da aka yi, mutane sun rage wajen kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68. Amma fa tana kawo tashin zuciya da amai da gudawa, ga tsada, kuma in an daina yawancin nauyin dawowa yake yi.

Mai ciki da mai shayarwa ba su yin wannan allura, mai neman haihuwa kuma sai ta bar ta wata biyu kafin ta ɗauki ciki. Da aka zo nan na ga Yaya ta sunkuyar da kai. Haka kuma wanda a danginsa aka taɓa yin wani irin ciwon daji na maƙoshi, an hana shi. Wanda ya taɓa kumburin gaɓar nan ta ciki mai samar da insulin, lalle ya gaya wa likita tun da fari.

Shayin Yaya ne ya fi ba ni tsoro. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwa a 2010 don yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, alhali kuwa an sha gano shi ɓoye cikin irin wannan shayi. Ita ma allurar tana da jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024. Abin mamaki, mai tallan nan shi ne kuma ke sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe don su yi ƙiba!

Likita ya ce wa Gwaggo, “Hajiya, ke kin cancanta, amma sai mun gwada jininki tukuna, kuma a rage lemon kwalba, a riƙa takawa.” Ya juya ga Yaya ya ce, “Ke kuwa amarya, miƙo shayin nan.”

Da muka dawo makaranta na yi wa 'yan ɗakinmu su tara wannan lissafi. Da irin tuwon da muke ci, ba wanda ya kai 21.