Yadda Na Sa Mutum-mutumi Ya Ce "Sannu"

A darasin tsarin sauti, karin sauti ne ya fi ba ni wahala, kasancewar ba da Hausa na tashi ba. Wannan ya sa na ɗauko allon Arduino Uno na ɗan mutum-mutumina, don ya riƙa busa mini karin kalmomi.

Mai karatu, fara da wuta. Allon yana aiki da volt 5, amma idan ta ramin batir za ka ba shi, ana so ya sami volt 7 zuwa 12. Kuskurena shi ne haɗa injinan tayoyi da allon a kan ƙaramin batir ɗaya mai volt 9. Da zarar tayoyi sun motsa sai wuta ta ja baya, allon ya mutu ya sake tashi, busar ta katse a tsakiyar kalma. Maganin shi ne injinan su sami batirinsu daban, amma a haɗa wayar GND ta ɓangarorin biyu wuri guda.

Sai sauti. Ƙafar allon ba ta son a ja fiye da miliyamfa 20, don haka kada ka liƙa mata lasifika mai om 8 kai tsaye. Sa resista a tsakani. Ni 'yar busar fiyezo na zaɓa, ba ta cin wuta. Da umarnin tone() na ba karin sama hatz 880, karin ƙasa 440. "Yaro" sama ne sannan ƙasa, "sannu" kuwa ƙasa sannan sama. Faɗau ne har yanzu nake fama da shi, domin sai an sauko da busar a hankali cikin gaɓa guda.