Darasi: Icce domin tunawa da soja

Ƴan'uwa manoma, ƙasar Kurfai ta daɗe tana ba da sojoji. Kakanninmu sun yi wa Faransa yaƙi a 1914 zuwa 1918 da kuma 1939 zuwa 1945. Seyni Kunce, haifaffen Fandu nan kusa da mu, ya yi soja a Indosin da Aljeriya. A zamaninmu kuma, sojoji 71 sun rasu a Inates a watan Disamba 2019, wasu 89 a Sinagodar a watan Janairu 2020. Iyalai da yawa ba su da kabarin ɗansu kusa da gida.

A garin Ballarat na ƙasar Ostareliya, daga 1917 zuwa 1919, an dasa itace fiye da 3,700 a bakin hanya, kowane icce da sunan wanda ya tafi yaƙi. Mu ma muna iya yi, tun da daga 1975 ranar 3 ga Agusta ita ce ranar dashen itace a Nijar. Amma kun sani, yawancin abin da ake dasawa ran nan ba ya ganin damina ta biyu. Iccen da aka sa wa sunan mutum kuwa, in akuya ta cinye shi, uwarsa za ta ji ciwo. Saboda haka gara guda ɗaya da mai tsaronsa bisa ga ɗari marasa mai kula.

A dandali ko ƙofar gida, dogon yaro ya dace, yana saurin ba da inuwa. A gona, ni gawo na fi so. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tauye hatsi, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne. A dallol, wajen Baleyara, ruwa ba shi da nisa, saiwarsa tana cim masa. Kada ku ƙosa da shi, da farko ƙasa yake tafiya. In ma akwai ɗan gawo da ya tsiro da kansa, a bar shi lokacin sassabe, a sa masa sunan. Ya fi na leda ƙwari.

A haƙa rami, faɗi santimita 40, zurfi santimita 40. A gauraya ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe da ɗan toka saboda gara. A yanke ledar a cire ta duka, a dasa da marece bayan ruwan sama. A yi shingen ƙaya ran nan, ba gobe ba.

Wahalar tana ga rani. Daga ɗaukewar ruwa har faɗuwarsa, a ba iccen bokiti guda duk kwana 3. Ku da kuka gama yaƙi da jahilci, ku rubuta a littafin gari sunan sojan, ranar dashe da sunan mai ban ruwa.