Hitar Mota Ta Daina Ɗumi Bayan Gyaran Lagireto

Hitar motata ta daina ba da ɗumi tun ranar da na karɓo ta daga wurin bakanike. Lagireto ne yake yoyo, motar tana ɗaukar zafi a cunkoson Kawo, na kai masa, ya ce sai an canja wasu kaya, na biya ko ciniki ban yi ba. Yanzu ga hunturu ya shigo, ni kuma ana idar da sallar asuba nake kama hanyar Zariya saboda aiki. A cikin gari hitar takan ɗan yi ɗumi-ɗumi, amma kafin in kai Jaji iskar ta koma sanyi ƙalau.

Da na koma na gaya masa, sai ya kwashe da dariya a gaban yaransa, ya ce, "Alhaji, wa ke kunna hita a Kaduna? Ai mota ta daina zafi, me kuma ake nema?" Malam, mutumin nan tun yana yaron shago nake kai masa mota. Ni na tsaya masa da zai kama wurin kansa, abokan aikina da dama ni na haɗa su da shi. Yau ni zai yi wa dariya a gaban yara? Kullum na kunna hitar nan sai dariyar ta dawo min. Shin in kai ƙararsa wurin shugaban kanikawa, ko in bar shi da Allah in nemi wani?

Naka, wani mai karatu daga Unguwan Dosa, Kaduna.

AMSA

Hitar mota ba ta da wuta tata ta kanta, daga inji take samun ɗumi. Akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, tiyo biyu ke haɗa shi da inji, ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya mayar, fanka kuma ta huro iska ta cikinsa zuwa cikin mota. Saboda haka idan aka taɓa ruwan inji sannan hita ta yi rauni, ɗayan biyu ne: ko ruwan ba ya isa wurin, ko yana isa amma bai yi zafin da ya kamata ba.

Mai wasiƙa bai faɗi irin motar ba, bai faɗi shekararta ba, bai faɗi kayan da aka canja ba, balle inda allurar zafi take tsayawa. Wanda ya biya kuɗin gyara bai ce a nuna masa tsoffin kayan da aka cire ba, shi ma yana da nasa kason laifin. Sai dai ya faɗi abu guda mai amfani ƙwarai: ɗumi a cikin gari, sanyi a kan babbar hanya. Idan aka haɗa wannan da maganar bakanike cewa mota ta daina zafi, zargi na farko kan tamostat yake sauka.

Tamostat ƙofa ce ƙarama tsakanin inji da lagireto. Tana zama a rufe har ruwa ya kai zafin da aka buga a jikinta, a yawancin motoci tsakanin digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe ruwa ya zagaya lagireto ya huce. Al'adar da ta yi katutu a garejin ƙasar nan ita ce, da mota ta yi zafi sai a cire tamostat a jefar, a ce don ƙasashen sanyi aka yi ta, sau da yawa kuma a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tada mota har kashe ta. Wannan kuskure ne babba. Motocin da ake sayarwa sabbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke fitowa, kuma Kaduna ba ta kai can zafi ba. Injin da aka raba da tamostat, a hanyar Zariya da sanyin asuba, iska tana dukan lagireto, ruwansa ba zai taɓa kai zafin aiki ba. Kwamfutar motar za ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Mai ya riƙa ƙonewa a banza, filogi su yi baƙi, baƙin mai ya gurɓace da wuri, inji ya riƙa cinyewa a hankali. A wasu injinan ma tamostat ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, don haka cire ta yakan sa motar ta sake yin zafi a cunkoso. Sanyin hita shi ne mafi ƙanƙantar asarar.

Ganewa ba wuya. A tada mota da safe tana sanyi, a riƙa taɓa saman lagireto, hannu nesa da fanka. Idan tamostat na nan kuma tana aiki, lagireto zai daɗe bai yi ɗumi ba, sannan ya ɗauki zafi lokaci guda. Idan ya fara ɗumama tun farko, allura kuma ta ƙi hawa tsakiya ko ta sauka a kan gudu, to ko an cire ta ko ta maƙale a buɗe. Kwance gidanta zai raba gardama. A sayi sabuwa mai lambar zafin da kamfanin motar ya tsara, a mayar da fanka kan tsarinta na asali.

Idan tamostat ta fita daga zargi, sai iskar da ta maƙale a layin ruwa lokacin da aka sake cika lagireto. Alamarta akasin ta farko ce: hita ta yi sanyi a silo, ta yi ɗumi in an taka totur, wani lokaci a ji ƙarar ruwa ƙul-ƙul bayan dashbod. Ana fitar da ita ne inji yana sanyi. A ajiye mota gabanta ya ɗan ɗaga, a buɗe murfin lagireto, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a tada inji a riƙa ƙara ruwa har kumfa ta daina fitowa. Murfin lagireto ba a buɗe shi inji da zafi, ko kusa. Ruwan yana cikin matsi, feshi yake yi ya sale fuska da hannu.

Daga nan sai tiyo biyun nan da suka shige bayan dashbod. Inji ya yi zafi, a taɓa su. Dukansu da zafi amma iska da sanyi, matsalar tana ga marfin da ke gauraya iskar zafi da ta sanyi. Ɗaya da zafi ɗaya da ɗumi kawai, ƙaramin lagireton ya toshe, sai a wanke shi ta baya da ruwa marar ƙarfi. Abin da ya fi toshe shi tsatsa ce da ruwan rijiya ko na bohol ke haifarwa, da garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto. Kulant aka yi wa inji, domin yana hana tsatsa yana kuma ɗaga zafin tafasa. A duba kuma ko an cire tiyon biyu an haɗe su da juna, dabarar da wasu ke yi su yi shiru.

Mai wasiƙa ya koma wurin bakanikensa da buƙata guda: a kwance gidan tamostat a gabansa. Idan babu ita kuma bakaniken ya ƙi mayarwa, wannan dalili ne na canja gareji, dalilin da ya fi dariya nauyi.

Saura abu ɗaya, tunda motar ta taɓa yin zafi. Idan an fitar da iska amma kumfa ba ta daina tasowa ba, ruwa yana raguwa babu yoyon da ake gani, farin hayaƙi yana fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Motar da ke nuna waɗannan alamu ba ta hawa hanyar Zariya sai an buɗe kan injin an canja gaskit, an kuma auna kan ko zafi ya lanƙwasa shi.