Yadda Ake Neman Digiri na Biyu a Fannin Rubutun Wasan Kwaikwayo Daga Small Heath

Bahaushen da ke zaune a unguwar Small Heath ta birnin Birmingham, wanda kuma yake da burin zurfafa ilimi a rubutun wasan kwaikwayo, yana zaune ne a garin da aka fara koyar da wannan fanni a matakin digiri na biyu a Birtaniya, domin a shekarar 1989 ne marubuci David Edgar ya kafa kwas ɗin a Jami'ar Birmingham, kuma a nan ne Sarah Kane ta yi karatu kafin wasanta mai suna Blasted ya tayar da ƙura a Landan a 1995.

Matakin farko shi ne mai nema ya tantance fannin da yake so, saboda rubuta wasa daban, diramataji daban. Diramataji shi ne nazarin zubi da tsarin wasa domin a ga yadda zai yi aiki a kan dandamali, kuma mai wannan sana'a yakan zauna tsakanin marubuci da darakta yana tambayar dalilin kowace fitowa, da inda jigo ya yi rauni, da abin da 'yan kallo za su fahimta a kowane lokaci. Ana danganta asalinta da Bajamushe Lessing, wanda ya riƙe wannan aiki a gidan wasa na Hamburg a 1767. Jami'o'i kan sauya sunayen kwasa-kwasai da tsarinsu, don haka wajibi ne a karanta bayanin shekarar da za a nema, a Birmingham da Manchester da kuma kwalejin Goldsmiths ta Landan, wadda ke haɗa fannonin biyu.

Mataki na biyu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne shirya samfurin rubutu, domin masu tantancewa sun fi duba shi a kan takardar shaida. Ya kamata ya zama wasa kammalalle ko da gajere ne, wanda aka rubuta domin dandamali, inda babu kyamarar da za ta kusanto da fuska, sai dai magana da motsi da shiru. Marubucin da ya taso da karatun Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Kulɓa na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya riga ya san rabon wasa zuwa kashi da fitowa, amma zai tarar cewa malaman Ingila ba su son wa'azi a bakin ɗan wasa, sun fi son a ga mutum yana neman wani abu, wani kuma yana hana shi. Tun da za a gabatar da rubutun da Ingilishi, babbar matsalar ita ce yadda za a nuna al'ada ba tare da dogon bayani ba. Idan uwa ta shiga kanti a titin Coventry Road tana neman ɗanta na fari, ta tambayi kowa "ina yaron nan", ta ƙi ambaton sunansa ko da mai kanti ya matsa mata, to ɗan kallo Bature zai gane alkunya daga abin da ya gani, kuma wannan ya fi a sa wani ya tsaya yana fassara ta. Bayan an gama rubutu sai a tara mutane su karanta shi da babbar murya, marubuci ya yi shiru da alƙalami a hannu, yana sa alama a duk inda harshen mai karatu ya sarƙe ko hankalin masu sauraro ya tafi, sa'an nan ya sake rubutawa.

Na uku, a riƙa zuwa kallo, domin a lokacin ganawa akan tambayi mai nema wasannin da ya gani kwanan nan. Gidan wasa na Birmingham Rep, wanda Barry Jackson ya buɗe a 1913, yana da ƙaramin zaure mai suna The Door da ke nuna sababbin rubuce-rubuce, haka ma Royal Exchange ta Manchester, mai shirya gasar Bruntwood tun 2005, inda ake karanta wasanni ba tare da sanin sunan marubuci ba.

Na huɗu, a haɗa takardu: shaidar digiri na farko, galibi mai daraja ta biyu babba, da wasiƙun malamai, da bayanin manufa, da sakamakon jarrabawar IELTS ga wanda aka nemi hakan daga gare shi.

Na biyar shi ne kuɗi. Karatun shekara ɗaya ne ga mai cikakken lokaci, biyu ga mai haɗawa da aiki, kuma wanda ke da izinin zama na dindindin, ya kuma shekara 3 a Birtaniya, yana iya neman bashin karatu na gwamnati, yayin da mai zuwa daga Najeriya ko Nijar zai biya kuɗin ɗaliban waje, sai dai in ya samu tallafi irin na Chevening, wanda ake rufe nemansa kusan shekara guda kafin a fara karatu a watan Satumba.