Kafin Ka Kama Hanyar Matan Fada

Ɗana, na ji kai da abokanka kun ɗaura niyyar zuwa Argungu bikin kamun kifi, har kana cewa da gorarka za ka tafi. Mahaifiyarka ta so in hana ka, ni kuwa ban ga abin hani ba. Saurayin da iyakar tafiyarsa kasuwar Shinkafi da ta Goronyo, ya kamata ya ga inda ruwan garinsu ke zuwa. Ruwan nan da Bunsuru da Gagare ke haɗawa a wajen Isa, ya biyo ta bayan Sabon Birni da sunan Rima, shi ne ke tsayawa a madatsar Goronyo, ya gangara Sakkwato, ya wuce ta ƙasar Kabi. Ka ga kenan ba wurin baƙon ruwa za ka ba. Amma da ya isa can ya zama na masu shi, kuma a kan wannan nake so mu yi magana.

Bari in fara da hanya, domin ita ce ta fi hana ni barci. Kun sha nuna mini a waya yadda mutanen Tailan ke bikin sabuwar shekararsu, wanda suke kira Songkran, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu: gari duka ya fito titi da bokiti da bindigar roba, kowa na jiƙa kowa. Abin da bidiyon ba ya nuna muku shi ne, su kansu hukumomin ƙasar suna kiran makon bikin kwanaki bakwai masu haɗari, saboda kowace shekara ɗaruruwan mutane ke mutuwa a hatsarin mota da babur, wajen gaggawar zuwa gida da tuƙi cikin maye. Ruwan wasa bai cika kashe kowa ba, titi ne ke ci. To su da ba su da ɓarayin daji kenan. Mu nan ba sai na tuna maka abin da ya faru a Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba, inda aka tare motar matafiya aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Allah Ya jiƙansu.

Saboda haka ba a sa ranar tafiya a ƙasar nan sai da shawarar tasha. Je ka da yamma ka zauna da direbobin da suka dawo a ranar, ka tambaye su wace hanya suka bi, ta Goronyo ko ta Marnona, me suka gani, ƙarfe nawa motoci ke taruwa su tashi tare. Labarin jiya ba ya aiki yau. Kada ku fita da duku-duku don ku riga kowa, kada kuma la'asar ta same ku a daji. In an ce a dakata, ku dakata, ko da za ku rasa ranar farko. Ku kwana a Sakkwato, washegari ku kama hanyar Bodinga da Yabo, tafiyar da ba ta wuce kilomita 100 da wani abu ba, ku shiga Argungu da rana tsaka. Kuma kada ka bi kasuwa kana shelar ranar da za ka tashi da abin da ke aljihunka. Mahaifiyarka ta sani, ni na sani, ya isa.

Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. Mu mutanen kan iyaka ne, a kowane shinge sai an tambaye ka ko daga Maradi kake, duk da cewa zanen Gobir ɗin da ke fuskar ɗan Tsibiri ta Nijar shi ne a tawa. Amsa da ladabi, kada ka tsaya musun tarihi da mai bindiga. Lambobin mutum biyu ko uku rubuta su a takarda, domin ku yaran yanzu ko lambar uwarku ba ku haddace ba, alhali kun ga yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu a 2021, muka koma hawa tudu muna neman sabis ɗin Nijar.

Yanzu maganar gora. Na san ka iya ruwa. Na ga yadda kake ƙetare gulbi da damina, na kuma san ka shiga su a tafkunan fadama tun kana yaro. Amma sun ƙauye daban, na Matan Fada, gulbin da ake bikin a cikinsa, daban. A can dubban masunta ne ke jeru a bakin gaɓa, kowa da gorarsa da komarsa biyu, suna jiran ƙarar bindiga. Da ta tashi, sai ƙura ta turnuƙe, su kwasa a guje su faɗa ruwa a lokaci guda. Kafin ka ƙifta ido ruwan ya koma taɓo, ba ka ganin tafin hannunka a ciki, gwiwar wani na ƙirjinka, komar wani ta sarƙe maka ƙafa, makaɗa na cikin kwalekwale suna zuga jama'a. Awa ɗaya ake yi. Wanda ya nutse a irin wannan cunkoso, na kusa da shi zai ɗauka kifi ya bi. Ba banza aka ce gwanin ruwa shi ruwa kan ci ba, don wanda bai iya ba ko kusa da gaɓa ba ya zuwa.

Sannan abin da ake nema a ciki ba tarwaɗa ba ce. Giwan ruwa ne. Wanda ya ci gasar 2005 nauyinsa kilo 75, na 2020 kilo 78, wato ya fi ka nauyi. Ba a ɗaga shi sai da ƙarti. Masu kama irin wannan gadonsu suka yi, sun san ramukan gulbin tun suna goye, sun san inda kifi ke fakewa in an tayar da shi. Kuma ruwan yana da shugabanni. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa, su ke kula da shi, su ke hana kowa jefa koma a wurin duk tsawon shekara don kifi ya girma, su ke cewa an buɗe. Abin da suke yi na al'ada kafin a shiga, wanda ake cewa shi ke kwantar da kada, ba naka ba ne ka yi masa dariya a gabansu, ba kuma naka ba ne ka ɗauko ka kawo gida. Kai dai riƙe addu'arka. Shawarata ita ce bana ka je da ido. Ka tsaya a gaɓa ka ga yadda ake yi, ka yi abota da wani Bakabe masunci, in Allah Ya kai mu wata shekarar ka shiga a bayansa, da izinin masu ruwa. Gorar ka bar ta rataye a ɗaki. Ko ba komai, kwandasta sai ya caje ka kuɗin kujerarta.

Kallon ma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai ranar kabanci, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Akwai kokawa da dambe, akwai baje kolin amfanin gona, wanda ni a ganina ya fi komai amfani ga ɗan manomi irinka: duba irin shinkafar da suke nomawa a fadamarsu, ka tambayi yadda suke yi da ruwan rani. Ka kuma ware rabin yini ka shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ka ga makamai da tambura da kaburburan sarakuna.

In ka shiga nan za ka gane me ya sa nake cewa ka tafi da natsuwa. Kabawa da Gobirawa kusan hanya guda tarihi ya bi da mu. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, kakanninmu suka watsu, wasu suka kafa Tsibiri, daga baya aka kafa Sabon Birni. Su ma Kabawa an raba su da Birnin Kabi, suka tare a Argungu, suka yi shekaru masu yawa suna gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su, daga nan bikin ya samo siffar da aka san shi da ita. Bikin sulhu ne tun asali. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016, shekara bakwai kafin ta sa na mutanen Tailan ɗin da kuke sha'awa. Kuma ka sani ya taɓa tsayawa: bayan na 2009 sai da aka yi shekara goma ba a yi ba, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa, aka dawo da shi a watan Maris na 2020. Don haka kada ka biya kuɗin mota a kan jita-jita. Jira sanarwar gwamnatin Kebbi da masarauta a rediyo, domin ranar takan matsa, musamman in ta zo kusa da azumi.

Masauki kuwa, tun daga nan ake nemansa. Garin kan cika maƙil, masu hali da yawa a Birnin Kebbi suke kwana su yi sammako. Ku da ba ku da kuɗin otal, ku nemi wanda ya san wani. Akwai 'yan kifi da 'yan albasa a kasuwarmu da ke da iyayen gida a can. A kira a ce ga yara nan zuwa. Kada ka shiga gidan mutum hannu rabbana, ko goro ne ka riƙa. Gaida tsofaffin gidan kafin ka ajiye jaka. In an kawo tuwon shinkafa ka ci ka yaba, kada ka fara ba su labarin furar Gobir. Matan gida da 'yan matan gari kuwa, ka rufe kyamararka. Kuma ko sanyi ya kai ina, kada ku cusa kanku ku goma a ɗaki ɗaya a rufe taga. Lokacin bikin lokacin sanƙarau ne, ka tuna ɓarnar da ya yi a Zamfara da Sakkwato da Kebbi a 2017. Gara ku shimfiɗa tabarma a zaure ko a tsakar gida, ku ɗaura gidan sauro. Bargo ma ka ɗauka, sanyin asuba a bakin gulbi bai gama tafiya ba a watan Fabrairu.

Kada ka sha ruwan gulbi, kada ka yi wanka a kududdufin da ba ya gudu, nan tsargiya take. In ka dawo ka ga jini a fitsari, asibiti za ka, maganinta ƙwayoyi ne kaɗan, kada kunya ta sa ka ɓoye. Kuɗinka raba shi biyu, rabi a lalita a ƙugu ƙarƙashin riga, kaɗan a aljihu. Kada ka dogara ga mai POS, ranar taro sabis kan ɗauke. Wayar ka ƙulle ta a leda, kuma lokacin da bindiga ta tashi kowa ya miƙa wuya, a lokacin ne 'yan sane ke nasu sun.

Ku yanke wurin haɗuwa tun kafin ku shiga taro, kamar ƙofar masallacin Juma'a bayan azahar, don wanda ya ɓace ya san inda zai nufa. Salla kada ta wuce ku saboda kallo, kuna da sauƙin ƙasaru a hanya.

Ranar da aka tashi, kada ku bi ayarin masu rige-rigen fita da magariba. Ku ƙara kwana, ku sayi bandar kifi da safe a sa muku a kwali, ku iso Sakkwato. A can ma sai kun sake tambayar direbobin Isa da Sabon Birni halin da hanya ta kwana kafin ku shiga mota, kuma ka kira ni daga tasha ka gaya mini lambar motar.