Daga Shehuri Zuwa Abuja: Kada Lokacin Tikiti Ya Ruɗe Ku

Jama'a, tsakanin filin jirgin Maiduguri da na Abuja kusan kilomita 700 ne, kuma jirgi kan cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wannan lissafin ke sa wasu su tashi ranar da likita ko ofishin biza ke jiransu, su makara.

Ku baro unguwar Shehuri ta Maiduguri da wuri, ku isa filin jirgin awa 2 kafin tashi, katin shaida a aljihun gaba, ba ƙasan akwati ba. In kun sauka Abuja, da sauran tafiya, kusan kilomita 40 kafin cikin gari.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, hazo kan hana jirgi sauka kwata-kwata. Don Allah ku tafi tun ana gobe.