Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Za A Gane Irin Barkono

A shekarar da ta wuce, ƙungiyar matasa manoma ta makarantarmu ta yi niyyar noma attarugu a lambun bayan ɗakin girki. Na sayo iri a kasuwa cikin wata leda mai hoton jan attarugu. Muka yafa, muka yi reno, muka yi dashe, ɗalibai suna ta jigilar ruwa safe da yamma. Da 'ya'ya suka fito, sai ga shambo dogaye, da wasu 'yan tsiraru da ba mu san sunansu ba. Mu dai darasi muka samu. Amma ku tuna da manomin Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, wanda rashin tsaro ya hana shi zuwa gonar nesa, ya dogara ga ɗan lambun kusa da gari don abinci da kuɗin makarantar yara. Shi kam aikin wata huɗu ko biyar ne ya tafi.

Ina ruɗanin yake?

Na farko, sunaye. Abin da ake kira attarugu ko attaruhu a Kano da Zariya, mu a ƙasar Katsina mukan ce tugande, a wajen Sakkwato da Zamfara kuma tarugu. Ɗan kasuwar da ya zo daga kudu zai ce ata rodo. Kalmar barkono kanta wani lokaci tana nufin dukan dangin, wani lokaci kuma ƙananan nan da ake shanyawa a daka yaji. Ga kuma sunayen da ke jikin gwangwani da leda: Habanero, Scotch Bonnet, Cayenne, California Wonder. Biyun farko dangin attarugu ne, na uku dangin shambo, na huɗu kuwa ƙaton tattasan nan ne na Turawa marar yaji ko kaɗan.

Har masana ma sun taɓa ruɗewa. Asalin barkono duka daga nahiyar Amurka ne. Bayan tafiyar Kolombas ta 1492 ne ya isa Turai, jiragen 'yan Fotugal kuma suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya. Amma a 1776 wani masanin tsirrai mai suna Jacquin ya raɗa wa dangin attarugu suna Capsicum chinense, yana zaton daga ƙasar Sin ya fito. Sunan nan na kuskure shi ake amfani da shi har yau.

Na biyu, ƙwayar irin. Ta attarugu da ta shambo da ta tattasai duk shafaffu ne, masu launin ƙasa-ƙasa da ɗan rawaya. In an zuba maka su a tafin hannu, da wuya ka rantse wanne ne wanne. Saboda haka dole mu koyi duban shukar kanta.

Dangi uku da muke nomawa

Cikin dangogi 5 na barkono da mutane ke nomawa a duniya, 3 ne suka yawaita a wurinmu.

1. Capsicum annuum: nan tattasai da shambo suke. Furensa fari ne fat, kuma galibi ɗaya tak yake fitowa a kowace gaɓa. Shi ya fi saurin tsirowa da saurin yin 'ya'ya.

2. Capsicum chinense: attarugu ke nan. Ganyensa ya fi faɗi, yana da ɗan yamutsi. Fure biyu ko fiye suna fitowa a gaɓa ɗaya, launinsu fari mai ɗan kore. In ka duba wuyan ɗan, inda hularsa ta haɗu da tsinken da ke riƙe da shi, za ka ga ya ɗan shaƙe kamar an ɗaura masa zare. Yana da ƙamshin da sauran ba su da shi, kuma yana jinkirin tsirowa da nuna.

3. Capsicum frutescens: nan tsiduhu yake. 'Ya'yansa ƙanana ne, suna tsaye kansu na kallon sama, furensa mai ɗan kore. In ya sami ruwa yakan wuce shekara yana bayarwa.

Wanda ya riƙe waɗannan alamu zai gane abin da ya shuka tun lokacin fure, ya san irin kasuwar da zai nema tun da sauran lokaci.

Awon yaji

Yaji ma yana da ma'auni. A 1912 wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya fito da hanyar awonsa: a yi ta sirka ruwan barkono da ruwan sukari har masu ɗanɗano su daina jin zafi. A ma'auninsa tattasan Turawa sifiri ne, dangin shambo kimanin 30,000 zuwa 50,000, attarugu kuwa 100,000 zuwa 350,000. Sinadarin da ke kawo zafin, wato kafsaisin, ya fi taruwa a farin naman nan na ciki da ƙwayoyi ke maƙale a kai. Ku gaya wa iyayenmu mata: cire ƙwaya kaɗai ba ya rage yajin miya sosai, sai an kankare farin.

Me ya sa irin gida yake canzawa?

Wani zai ce, "Malam, ni daga gonata na ajiye iri, amma bana ya fito dabam." Dalili biyu ne. Zuma da sauran ƙwari suna ɗaukar garin fure daga wata shuka zuwa wata. In tattasai da shambo suna fangali kusa da juna, sukan yi aure, tunda danginsu ɗaya. Ba za ka ga canji a 'ya'yan bana ba, sai baɗi tattasanka ya fito siriri da yaji. Na biyu, duk ledar da ka ga an rubuta F1 a jikinta, irin haɗi ne. Shukar farko tana yin kyau, amma in ka ajiye ƙwayarta ka sake shukawa, 'ya'yan za su fito barkatai.

Abin da ya kamata mu yi

Kafin ka biya kuɗi, karanta ledar. Hoto ba shaida ba ne. Nemi sunan irin, da sunan kamfanin, da ranar da aka ƙunshe shi, ka tabbata ba a farke bakinta an sake liƙewa ba. Hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, ita ke da alhakin tantance iri a Nijeriya. Malaman gona na KTARDA suna iya ba da shawara, haka ma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya.

In a kasuwar Sheme ko Dandume ko Funtuwa za ka saya a awon cokali, ka fi son busasshen ɗan barkono sukutum, ka ɓare da hannunka. Gani ya kori ji.

Gwada iri kafin yafi. Ƙirga ƙwaya 20, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Duba bayan kwana 10 zuwa 14, attarugu kuwa a ƙara masa mako guda. In 16 suka tsiro, kashi 80 cikin 100 ke nan, irin yana da rai.

In za ka ajiye naka, zaɓi lafiyayyar shuka da ke nesa da wani iri, ka bar 'ya'yan su nuna sarai, ka shanya ƙwayar a inuwa, ka zuba a kwalba. Rubuta suna da shekara da gonar da ya fito. A nan ne ɗalibi zai yi wa iyayensa amfani, domin da yawa cikinsu sun fi mu sanin noma, amma karatun leda yana ba su wuya.

Aikin hutu: kowane ɗalibi ya zagaya lambu ɗaya a garinsu, ya ƙirga furen da ke gaɓa ɗaya, ya zana ganye da ɗan, ya tambayi mai lambun sunan da yake kiransa. Ku kawo mini in an dawo. Za mu haɗa su a littafi guda mu ajiye a ɗakin karatu, don 'yan bayanku kada su yi ban ruwan shambo suna jiran attarugu kamar yadda muka yi.

Daga Malamin Aikin Gona